Kafin liman ya raɗa mata suna

Damagaram, daren Juma'a

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Ina yi maka barka da arziki. Allah ya raya mana ita, ya sa mai albarka ce, ya ba uwarta lafiyar shayarwa. Tun jiya da labari ya iso ni cewa matarmu ta sauka lafiya, an samu mace, bakina bai rufu ba. Maza uku a jere, sai ga Allah ya kawo mana ƴa. Ka gaishe min da ungozoma, ka ce na gode, Allah ya saka mata da alheri.

Ba zan samu zuwa suna ba. An koma lakwal, ajina cike yake, hanyar Tenhiya kuma ba ta kwana ɗaya ba ce ga mace mai shekaruna: sai na kai Tanut, sannan in zauna jiran motar da za ta shiga daji. Ka tambaye ni a waya wane suna nake gani, layi yana ta yankewa, ban samu ba ka amsar kirki ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Ina so ka karanta a natse, in ka gama ka karanta wa mai jego, kada ka tsallake ko layi ɗaya, har wuraren da ka ga kai nake ja wa kunne.

Abin da na fahimta daga maganarka, sunaye biyu ne a gabanka. Kai ranka yana kan sunan Inna, Allah ya jiƙanta. Yaran gidan kuma, su da ƙanwar matarka, sun samo Afnan a waya, suna ta roƙo a sa shi. Akwai na uku da ba ka sani ba, zan zo kansa.

Ka tuna dai yarinyar nan ta riga ta zo da wasu sunayen a hannunta, ba ta jira kowa ba. Ranar Alhamis aka haife ta, to Lami ce, kamar yadda ta Lahadi take Ladi, ta Talata Talatu, ta Juma'a Jummai, ta Asabar Asabe. Ta biyo bayan maza, tsofaffi za su ce Kande ko Delu, ko ka so ko ba ka so. Da cikin azumi ta zo, da Azumi za a ce. Da tagwaye ta biyo, da Gambo ce. Irin waɗannan sunaye ba a yanka musu rago, amma sau da yawa su ne ke bin mutum har ƙarshen ransa. Mun taso mun tarar da tsofaffin da ake kira Ayashe, da Abarta, da Ajuji. Uwar da ta binne ƴaƴa biyu, uku, huɗu a jere ita ke sa irin wannan suna, tana nuna kamar jaririyar ba ta dame ta ba, ko mutuwa ta kau da ido ta bar mata wannan. Duk inda ka ji Ayashe, to akwai ƙananan kaburbura a bayan sunan. Alhamdu lillahi yanzu an rage jin su, awo da rigakafi sun rage wa mata wannan kuka, malamai kuma sun daɗe suna cewa rai a hannun Allah yake, ba a yi masa dabara da suna.

Abin da ke hannunka shi ne sunan yanka: wanda liman zai raɗa mata a kunne, wanda za a rubuta a takarda, wanda za a ɗaura mata aure da shi, a kuma yi mata addu'a da shi ranar da mu duka ba ma nan.

Bari in fara da sunan Inna, don na san nan zuciyarka take. Kai ne auta, kai ka fi kowa daɗewa a gindinta, kai ka riƙe ta a ciwonta na ƙarshe muna nesa. Ba wanda zai ga laifinka. Yi wa iyaye takwara abu ne mai asali, Manzon Allah (SAW) da kansa sunan kakansa Annabi Ibrahim ya sa wa ɗansa. Amma dubi yadda abin yake kasancewa a gidajenmu. Ran da aka raɗa sunan, ran nan ake ɓoye shi. Kai ba za ka iya buɗe baki ka kira sunan uwarka ba, balle ka haɗa shi da tsawa in yarinya ta kifar da ƙwaryar nono. Ni ma ba zan iya ba, ga shi ko a takardar nan hannuna ya ƙi rubuta shi. Matarka kuwa ko da wuƙa a wuya ba za ta kira sunan surukarta ba. Sai a koma Ummi, ko Mama, ko Hajiya, ko Mai-sunan-Inna. Kunya ce mai kyau, ba na so mu rabu da ita. Sai dai yarinya kan tashi ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba, sai ranar da malamin lakwal ya kira shi daga rajista, ita ma ta tsaya waige-waige ba ta san da ita ake ba. A ajina na bana in na ce Ummi, kawuna da dama ke ɗagowa a lokaci ɗaya.

Kuma an riga an yi wa Inna takwara sau biyu, ƴar Yaya Babba da tawa ta biyu. Duka biyun ta gan su da idonta, ta goya su, ta ba kowacce tunkiya. Sunanta bai ɓata ba a zuri'a, ba kuma zai ɓata ba in sha Allah.

Akwai wani hali na Inna da watakila ba ka sani ba, don kai namiji ne, a zaure kake zama ranar suna. Ni ce nake riƙe mata ƙunshin goro in za ta tafi barka. Tun kafin a yanke Belbeji daga Tanut a 2011, lokacin duk ƙasar ɗaya ce a hannun hukuma, babu ƙauyen dangi da ba ta taka ba saboda haihuwa. In ta shiga gida ba ta tsayawa tsakar gida wajen masu hira. Ɗakin mai jego take wucewa, ta zauna bakin gado, ta karɓi jariri ta yi masa addu'a, sannan ta rage murya ta tambayi uwar wane suna ke ranta. Yawanci sai mai jego ta rufe fuska da gefen zane. Inna ba ta gaggawa, tana nan tana jijjiga jariri har a faɗa mata. Daga nan ta fita ta sa a kira mata maigidan bayan ɗaki. Wani ya karɓa, wani ya ƙi, amma ba ta taɓa fasa tambaya ba. In kana so ka raya wani abu nata a wannan haihuwa, wannan tambayar ka raya.

Sai Afnan. Na tambayi malamin da ke karantar da mu da yamma, ya ce kalmar tana cikin Suratur Rahman, wajen siffanta lambunan Aljanna, ma'anarta rassan itace. Babu aibu a cikinsa, kuma yana da daɗi a kunne. Ba na cikin masu ƙin duk sunan da kakanninmu ba su sani ba, kowane suna akwai ranar da ya zo baƙo. Nan Damagaram yanzu su Ilham, Iman, Amal da Nihal sun cika ajujuwa, wasu daga finafinan Kano, wasu daga na ƙasashen waje da ake juyawa da Hausa, wasu daga bakin alhazai. Wanda nake tsoro shi ne sunan da aka ɗauka don zaƙinsa kawai, ba a tambayi ma'anarsa ba, don ba kowace kalmar Larabci ce ta dace da mutum ba ko da tana cikin Alƙur'ani. Annabi (SAW) ya sauya wa mata sunaye saboda haka: wata ƴar Sayyadina Umar sunanta na nufin mai saɓo, ya mai da ita Jamila, Barra kuma, da yake sunan kamar yabon kai ne, ya mai da ita Zainab. Afnan ya tsallake wannan siraɗin. Ka gaya wa yaran haka, kada su ga an yi watsi da zaɓinsu.

Inda nake da ja shi ne, a Tenhiya yarinyar nan za ta tashi. Ƙasarmu ta Damargu mahaɗa ce tun zamanin ayari, lokacin da raƙuman Abzinawa ke saukowa da gishiri da dabinon Bilma, su ɗauki geron Damargu, wasu su zarce Damagaram har Kano. Har yau a bakin rijiya ɗaya za ka ji Hausa, ka ji Buzanci, ka ji Fulatanci, in ka yi kudu ka ji Barbarcin Dagira. Tsofaffin sunayenmu sun daɗe a waɗannan bakunan, kowa ya yi musu gurbi a harshensa. Fatima ɗaya ce, amma mu mu ce Fatsima ko Cima ko Binta, Barebari su ce Falmata, Buzaye su ce Fatimata, kuma duk wanda ya ji ya san ƴar Manzon Allah ake nufi. Khadija ta zama Hadiza da Dije, A'isha ta zama A'i da Indo da Shatu, Zainab ta zama Abu, Maryam ta zama Mairo. Afnan bai samu wannan gurbin ba tukuna. Kakarta ta wajen uwa da ke Belbeji za ta gwada sau ɗaya, sau biyu, harshe ya ƙi, ta koma Kande. Bafulatanar da ke kawo muku nono za ta bi kakar, sauran gari su bi su. Sunan da aka yanka wa rago sai ya rage a takarda da bakin samari.

Abu na biyu ya fi wannan nauyi a wurina. Farkon kowace shekara nakan tambayi ƴan matan ajina ɗaya bayan ɗaya, sunan wa aka sa miki? Wata ta ce sunan kakarta, ta ba ni labarinta, yadda take saƙa faifai ko yadda ta je Makka ta ƙasa. Wata ta ce sunan matar Annabi ce, ta faɗi abin da ta sani a kanta ko da kalma biyu ne. Ka ga yadda suke gyara zama in suna faɗi, murya ta fito, ido ya tsaya. Wata kuma ta ɗaga kafaɗa ta ce ba ta sani ba, a waya aka gani. Ba laifinta ba ne, kuma ba ya hana ta ƙoƙari. Amma nakan ji kamar an rage mata wani abu da ba ya cin ko dala. Ranar da taka za ta tambaye ka, ina so ya zamana kana da mutum da za ka nuna mata, kana da labarin da za ka ba ta.

To ga na ukun. Lokacin da matarmu ta zo nan hoton ciki ta sauka wurina, wani dare muna zaune muna tsince wake a faifai, wuta ta ɗauke, sai fitilar waya. Na tambaye ta in mace ce wane suna take so. Ta daɗe ba ta ce komai ba, hannunta dai yana cikin wake. Can ta ce Asma'u. Ta ce a makarantar matan aure ta ji labarin Nana Asma'u ƴar Shehu, tun ran nan sunan ya zauna mata a rai. Ka san daga aji aka cire ta aka kawo maka ita, karatun da ta fara bai je ko'ina ba, kuma har yau abin yana cinta ko da ba ta faɗa. Ba ta ce in gaya maka ba, ba ta kuma ce kada in faɗa ba. Na san dai da bakinta ba za ka taɓa ji ba.

Ka ƙirga da kanka. Ɗanka na fari Baba ya zaɓa masa suna. Na biyu malaminka ka yi wa takwara. Na uku kai ka zaɓa. Ita ce ta ɗauki cikin duka huɗun, ita ta yi naƙuda, ita ke cikin ruwan zafi safe da yamma har arba'in, ba a taɓa tambayarta ba. Na sani malamai sun ce in an yi jayayya uba ke da haƙƙin sa suna, ba na musun wannan. Amma mai haƙƙi yana iya kyauta da haƙƙinsa, kuma a gidaje da yawa ana yi, in haihuwa ta yi yawa miji ya ce wannan karon na ɗakinki ne. Sannan ka duba Suratu Ali Imrana. Mace ɗaya tak aka ambata da sunanta a cikin Alƙur'ani duka, ita ce Nana Maryam, har sura guda aka sa wa sunanta. Wa ya raɗa mata shi? Uwarta, matar Imrana, wadda ta yi bakancen abin da ke cikinta tana zaton namiji, sai aka ba ta mace, ta sa mata suna da bakinta, ta nema mata tsari, Allah kuma ya karɓa. In haka ya zo a Littafi, ban ga abin kunya ba ga namijin Tenhiya ya shiga ɗaki ya tambayi matarsa.

Ni kaina da za a ba ni zaɓi, Asma'u zan ɗauka, ko da ba ta faɗa ba. Mata biyu ne a bayan sunan, kuma kowacce ta isa a ba yarinya labarinta.

Ta farko Asma'u ƴar Sayyadina Abubakar, yayar Nana A'isha. Lokacin hijira, a shekarar 622, ita ta haɗa guzurin Annabi (SAW) da mahaifinta, da aka rasa abin ɗaure jakar abinci da salkar ruwa ta tsaga ɗamararta biyu ta ɗaure su, har aka yi mata laƙabi da wannan. Mutanen Makka sun zo har gida suna tambayarta inda ubanta yake, Abu Jahil ya mare ta, ba ta faɗa ba. Daga baya ta yi tata hijirar da tsohon ciki, ta haifi Abdullahi ɗan Zubairu a Ƙuba, shi ne ɗan fari da aka haifa wa Muhajirai bayan sun isa Madina. Ta rayu kusan shekara 100 da hankalinta.

Ta biyu tamu ce ta nan kusa. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Nijar ta yau a 1754, an haifa masa tagwaye a Ɗagel wajen 1793, namiji da mace. Namijin aka sa masa Hasan kamar yadda aka saba. Bisa al'ada macen Husaina za a ce, amma Shehu ya sa mata Asma'u. Ka ga ko shi, da ya zo kan ƴarsa, bai bi abin da aka saba don an saba ba, ya duba matar da yake so ta gada. Tana yarinya ƙarama aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yunwa, ta ga yaƙi, ta ga ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, karatu bai tsaya ba. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, Buzanci ma tana ji. Ka duba, harsunan bakin rijiyarku ke nan. Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, wazirin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ta haifi ƴaƴa, ta riƙe gida. Amma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne Ƴan Taru. Ta lura matan ƙauye ba su da hanyar zuwa wajen malamai, matan aure kuma ba sa iya barin gidajensu. Sai ta zaɓi dattawan mata masu hankali daga garuruwa, ta naɗa su jaji, ta ɗora wa kowacce malfa da jan rawani don a san da izini take tafe. Jaji ta taho da ƴan mata da tsofaffi a ƙafa, su zauna gabanta su koyi waƙoƙin da ta tsara a kan tsarki da salla da tarihin Annabi da zaman duniya, su koma su koya wa waɗanda suka bari a gida. Ta rasu a 1864, kabarinta yana Hubbaren Shehu a Sakkwato. Makarantar matan auren da matarka ta ji labarinta a ciki, irin wannan aikin take ci gaba da shi.

Kuma sunan ba ya wahalar da baki. Tsohuwa ta ce Asama'u, yara su ce Ma'u, wanda ya ga dama ya ce Nana. Kai ma za ka iya kiransa da safe da rana, a gaban kowa.

Sai dai in ja maka kunne. Hausawa sun ce suna linzami ne, ni kuwa ina ganin ba mai sunan kaɗai yake ja ba, har wanda ya sa shi. In ka raɗa mata Asma'u ka ɗauki alkawari. Ba zai yiwu ka sa mata sunan matar da ta karantar da matan ƙasa guda ba, sannan tana shekara 13 ka cire ta daga aji don wani ya kawo goro. Binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar kafin su cika shekara 18 ake aurar da su, kuma ni ba a takarda kawai na san wannan ba, kujerun ajina nake gani suna zama babu kowa. Na san wahalar karatu a daji: ƙaura bayan dabbobi, nisan lakwal, ɗaukar ruwa da ke cinye wa yarinya safiya. Ka yi iyakar ƙoƙarinka ta yi allo ta yi firamare a gabanku. In ta gama, in Allah ya kai mu da rai, ka kawo min ita Damagaram, ɗaki yana nan, makarantu suna nan har jami'a. Wannan alkawarina ne ni ma, ka riƙe takardar nan shaida.

In bayan duk wannan ka shiga ɗaki ka tambaye ta, kuka zauna kuka ga sunan Inna za ku sa, wallahi zan yi murna, zan kira ta Mai-sunan-Inna har in mutu. Abin da ba zan ji daɗinsa ba shi ne a yanke magana a zaure ita ta ji a bakin maroƙi tare da baƙi.

Yanzu maganar rago. Ka ce wani ya ba ka shawara, tunda mace ce ɗan akuya ya isa. Akuya ta halatta, ba a nan matsalar take ba. Da shekara ta yi tsanani, da ni zan fara ce maka ka yanka abin da ka samu, kada ka ci bashi, don abin so ne ba dole ba. Wannan "tunda mace ce" ɗin ne ban yarda da shi ba. Wasu mazhabobi sun ce biyu ga namiji ɗaya ga mace, amma mu Malikawa ne, kuma Imamu Malik dabba ɗaya ya ce ga kowane jariri, namiji ko mace. Ka tambayi liman, yana cikin Muwaɗɗa, Risala ma ɗaya ta ambata. A Muwaɗɗa ɗin dai aka ruwaito cewa Nana Fatima ta auna gashin ƴaƴanta ta yi sadaka da azurfa daidai nauyinsa, Hasan da Husaini da Zainab da Ummu Kulsum, ba ta ware matan ba. Yayyenta uku rago ka yanka musu. Bana an samu damina, gero ya shiga rumbu, garkenka lafiya. Ka zaɓo mata mai lafiya, marar aibu, irin wanda zai yi layya. Wata rana za a ba ta labarin ranar sunanta, kuma a gidajenmu ba a manta abin da aka yanka.

Wanzami kuma ka tsaya a kansa da kanka. Ka saya masa sabuwar reza, ya buɗe ta a gabanka. Aski kawai zai yi. Kada ya sa mata ƙarfe a maƙogwaro da sunan cire beli, kada ya taɓa ta a wani wuri da sunan al'ada. Likitoci sun ga jariran da jini ya ƙare musu ta wannan hanya, dokar ƙasa ma tun 2003 ta hana yi wa ƴa mace kaciya. In tsofaffi sun matsa, ka ce ni na hana, su zo su same ni.

Saura takarda, kuma kada ka ɗauke ta ƙaramin abu. Na taɓa samun wata yarinya da babu kamarta a lissafi a ajinmu. Da aka zo haɗa takardun jarrabawa, sai aka ga takardar haihuwarta ta ce Aïssatou, rajistar lakwal ta ce Aïchatou, sunan uban ma kowace takarda da yadda ta rubuta shi. Aka mayar da takardun. Uban ya yi ta zirga-zirga daga wannan ofis zuwa wancan har lokaci ya wuce, aka ce ta jira baɗi. Kafin baɗi an ɗaura mata aure. Na tuna ranar da ta zo mayar min da littafin da na ara mata, ta rufe shi da takardar siminti don kada ya yi datti, ta ajiye a kan tebur ta juya ba ta ce komai ba. Haruffa biyu suka jawo wannan.

Dokar 2019 ta ba da kwana 60 a bayyana haihuwa. Cikin wannan lokaci abu ne mai sauƙi, ko a likita, ko wajen mai gari, ko a ma'aikatar magajin garin Tenhiya. In ya wuce sai an je gaban alƙali a Tanut da shaidu, ga kuɗin mota ga ɓata kwanaki. Kada ka jira arba'in, kada ka ce sai an dawo daga kiwo. A watan Maris na 2025 an ayyana Hausa harshen ƙasa, amma takardun da ke zuwa hannuna a lakwal har yanzu da rubutun Faransanci suke, don haka in Asma'u ce za su rubuta Asmaou. Ka tsaya ka ga an rubuta, ka sa a karanta maka harafi bayan harafi. Sunanka kuma a rubuta shi daidai yadda yake a katinka na ɗan ƙasa. Yadda aka rubuta a nan, haka za a rubuta a katin rigakafi, haka a rajistar lakwal, kada a ƙara kada a rage. In ka karɓo takardar ka sa ta a leda ka ajiye cikin akwatin ƙarfe saboda gara.

Na ba direban da ka sani saƙo, zai bar maka shi a tashar Tanut ranar Litinin: turmin atamfa biyu na mai jego, zanen goyo, sabulu, kayan jariri, ƴan kunne, da goro da dabino na safiyar suna. Akwai ƙunshin kayan yaji daban, na kunun kanwa ne, a ba wadda ke kula da ita. A bar ta ta huta, kada a sa ta tashi saboda baƙi, kuma ruwan wanka kada a cika masa zafi har ya ƙona ta. In ta ga jini ya yi yawa ko zazzaɓi ya kama ta, a kai ta likita a ranar, kada a jira a gama biki.

Ka gaishe da Yaya Babba da iyalinsa, da liman, da surukanka in sun iso daga Belbeji. Ka shafa min kan mazan nan uku, ka ce su riƙe ƙanwarsu da kyau. Mai gidana da yara duk suna yi muku barka. Kason goggo kuma a soya shi sosai a ba direban in zai dawo.

Wassalam.

Yayarka